Wace kalma za mu sa wa "archipelago"?

Mai Fassara: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ana rubuta bayani kan yadda matafiyi zai zaɓi tsibiran da zai je hutu a Girka, sai wannan kalma ta Turanci, da ke nufin tsibirai da yawa a yanki ɗaya na teku, ta tsaya mana a wuya. Bin asalinta ba zai fisshe mu ba: a da sunan Tekun Ejiyan ne, wanda ke tsakanin Girka da Turkiyya, ma'anarta "babban teku", daga baya ta koma kan tsibiran da ke cikinsa. Ni dai "tarin tsibirai" nake gani. Me kuka ce?

Hajiya Mai Tikiti: Malam, "tari" ya dace da Indonesiya mai tsibirai sama da 17,000, amma bai gaya wa matafiyi komai ba. A Girka rukuni ake fara zaɓa kafin tsibiri, don jiragen ruwa da yawa daga tashar Pireyas kusa da Atina, babban birnin ƙasar, suke tashi, kowane rukuni da layinsa. Daga tsibirin Paros zuwa Naksos, da suke rukuni ɗaya, bai kai awa ɗaya ba, amma wanda ya haɗa Santorini da Korfu, da rukuninsu ya bambanta, sai ya komo Atina, kwana guda ya tafi a hanya. Ga iskar meltemi mai ƙarfi da ke kaɗawa a Tekun Ejiyan a Yuli da Agusta, takan hana ƙananan jiragen ruwa masu gudu tashi, shi ya sa ake komowa Atina kwana ɗaya kafin ranar jirgin sama. Tsibiri uku a kwana 10 ya isa.

Ɗan Yawuri: To ai Hajiya "gungu" kike nema. A Yawuri, tsibirin da ke tsakiyar kogin Kwara shi ake kira gungu, daga nan sunan Gungawa ya fito. Kuma ko'ina ana cewa gungun mutane, wato waɗanda suka cure wuri ɗaya. "Gungun tsibirai" ya zauna daram a kan Kikladis, rukunin tsibiran Girka da suka kewaye tsibirin Delos.

Hajiya Mai Tikiti: Ya zauna, amma ban da ƙasar Maldibs da ke Tekun Indiya. Tsibiranta wajen 1,190 sun miƙe daga arewa zuwa kudu fiye da kilomita 800, kamar carbi. Wasu na nesa sai jirgin sama mai sauka kan ruwa, shi kuwa da rana kaɗai yake tashi; wanda zai hau shi, in ya sauka Male, babban birnin ƙasar, da dare, sai ya kwana. Wannan "jeri" ne.

Mai Fassara: Madalla. "Tarin tsibirai" ga ƙasa baki ɗaya, "gungu" ga na kusa da juna, "jeri" ga masu miƙewa. A bayanin Girka zan rubuta "gungun tsibiran Kikladis".