Kati ɗaya ke bayyana a yankinmu na LPAR, alhali biyu aka ce an ba mu

Ɗalibi daga Ringim:
Assalamu alaikum malamai. Ina aiki ne daga gida, a wani ƙauye kusa da Ringim, inda nake kula da Linux da ke gudana a wani yanki na babbar kwamfutar IBM Z, wanda ake kira LPAR. An gaya mini cewa an ware wa yankinmu katunan Crypto Express guda biyu, masu ɓoye bayanai da tsare mabuɗai, amma da na buga lszcrypt, umarnin da ke lissafo katunan, sai na ga ɗaya kaɗai. Daren jiya na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda sabis ya fi ƙarfi, na yi ta gwada chzcrypt -e har cajin kwamfutata ya ƙare, ban ga wani sauyi ba. Ina ne matsalar take?

Malam daga Ɗanbatta:
Wa alaikumus salam ɗana. Umarnin da ka gwada yana kunna katin da Linux ya riga ya gani ne kawai, ba ya janyo wanda ba a ba yankin ba. Izinin yana can a HMC, na'urar da ake sarrafa babbar kwamfutar da ita, cikin furofayil ɗin da ake tayar da yankin da shi, kuma a shafin katunan akwai jeri biyu da mutane ke yawan rikitawa. Na farko jerin katunan da aka yarje wa yankin ya taɓa ne, na biyu kuwa jerin waɗanda za su kunnu da kansu duk lokacin da aka tayar da shi. Idan katin yana jerin farko amma ba ya na biyu, to naku ne, sai dai a kashe yake, kuma sababbin nau'o'in Linux suna nuna shi da alamar deconfig, har kana iya kunna shi da chzcrypt --config-on. Idan kuwa ba ya jerin farko ma, babu umarnin da zai fito da shi sai mai riƙe da HMC ya saka shi. Ana iya yin hakan ba tare da an kashe yankin ba, amma ka roƙe shi ya adana gyaran a furofayil, domin in bai yi ba, ranar da aka sake tayar da yankin katin zai ɓace.

Yaya daga Kazaure:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ƙanena, abin da ya fi damuna shi ne abin da zai biyo bayan kunnawar. Kowane kati a rabe yake gida-gida da ake kira domen, har 85 a babban samfurin kwamfutar IBM z16 na 2022, kuma kowane domen yana da babban mabuɗinsa, wanda ke tsare sauran mabuɗai. Yankuna biyu da ke aiki ba za su yi amfani da domen ɗaya a kati ɗaya ba. Idan katunan naku suna aiki a tsarin CCA ko EP11, wato tsare-tsaren da ke aiki da babban mabuɗi, sai an loda wa sabon katin babban mabuɗi iri ɗaya da na tsohon, in ba haka ba duk buƙatar da ta faɗa kansa ɗauke da mabuɗin da babban mabuɗin tsohon katin ya tsare za ta dawo da kuskure, ayyukan da ke tafiya lafiya su fara tuntuɓe. Na taɓa ganin haka ya faru da tsakar ranar biyan albashi, kuma ba na yi wa kowa fatan irin wannan rana.

Ɗalibi daga Ringim:
Na gode Malam, na gode Yaya. Mai kula da HMC ya duba, katin ba ya ko jerin farko. Mun tsayar da cewa masu na'urar TKE, wadda ake loda manyan mabuɗai cikin katunan da ita, za su fara loda mabuɗin tare da kwatanta alamar tantancewarsa da ta tsohon katin, sannan a kunna shi ranar Asabar da dare.