Lambar OTP wayar maigidana take zuwa, ga wa'adin kuɗin makaranta ya matso

Maman Khairat: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Asusun da nake amfani da shi tun ina NCE na buɗe shi, a 2015, lokacin da ake ta rububin yin BVN. A makon aka sace min waya a kasuwa, sai na ba da lambar Baban Khairat. Lokacin ma ba a ɗaura mana aure ba, an dai kai kuɗi. Tun daga nan alat wayarsa yake shiga, kuma bai taɓa damuna ba, don ni ɗinki nake yi, in kuɗi sun shigo in je wajen mai POS in cira. Shi kuma direban tirela ne, hatsi yake ɗauka daga Funtuwa zuwa Legas.

Yanzu ƙanwata, wadda take hannuna tun rasuwar Innarmu, ta samu gurbi a jami'a, an ce a biya kuɗin karɓar gurbi ta shafin makaranta kafin Juma'a. Na sa lambobin kati, na sa ukun nan na baya, na sa lambar sirri, sai a ce kawo OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turawa ta saƙon waya. In na kira shi, ko yana tuƙi ko babu sabis, kafin ya samu wurin tsayawa ya karanto min lambobi shidan lokaci ya ƙare. Jiya dai ya karanto na sa, shafin ya yi ta juyawa, aka cire kuɗin, makaranta kuma ta nuna ba a biya ba. Yau katin ma ya ƙi gaba ɗaya. Yarinyar nan tun safe take kuka. Ni da katina, da lambar sirrina, me ya sa sai an sake neman wata lamba?

Mai POS Bakin Tasha: Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan aikinmu ne, kullum muna gani. Lambar sirri duk wanda ya tsaya bayanki a wajen cira zai iya haddacewa, lambobin kati kuma ɗaukar hoto ɗaya ya isa. OTP ita ce shaidar cewa layin da banki ya sani yana hannun mai biya. A wajen banki, mai riƙe da layin shi ne mai asusun. Katin kuma don an yi ta gwadawa ba a dace ba aka toshe shi. Gobe da sassafe ki tafi banki da katin NIN, ki cike fom na canjin lamba, ki ce su buɗe katin. Babu wata hanya bayan wannan.

Maman Khairat: Malam, garinmu babu banki, sai na shiga Funtuwa, ga goyo. Kuma na taɓa zuwa a kan wata magana suka ce sunana na BVN da na NIN ba ɗaya ba ne.

Ɗan Kwari: Kai, wannan magana ta suna! Ni a BVN Mohammed aka rubuta, a NIN Muhammad. Sai da na yi takardar rantsuwa a kotu, na koma ofishin katin ɗan ƙasa, na koma banki, duk a kan haruffan da ba ni na rubuta su ba. Ina cikin wannan zirga-zirga aka rufe min layi a 2024 tare da waɗanda ba su haɗa da NIN ba, alhali na haɗa. Kayan da na yi oda daga Aba wani aka sayar wa.

Malama Uwar Marayu: 'Yar uwa, a bar maganar kati tukuna, Juma'a ce abin ji. Ki duba shafin makarantar, in ta Remita ake biya, wato wani tsarin biyan kuɗi ta intanet, za ki ga lambar RRR, wadda ita ce lambar takardar biyanki. Ki rubuta ta a takarda, ki ba wani amintacce da tsabar kuɗi ya biya a kowane reshen banki ya karɓo rasit. Ba a neman OTP a nan. Haka na biya wa 'yata.

Mai POS Bakin Tasha: Da wane kuɗi za ta biya, Malama? Ai an cire su. Ta jira su dawo. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'ida tun 2020 cewa cinikin POS ko na intanet da bai wuce ba, dole a warware shi cikin awa 72. Kada ki sake biya, Hajiya, sau da yawa kuɗin kan isa makaranta daga baya, ki zo kina neman a maido miki ninki.

Malama Uwar Marayu: Awa 72 a takarda. Nawa sun yi sama da wata. Ta ranci kuɗi ta biya, gurbin yarinya ya fi.

Baƙon Madina: Ku da kuke gida ma kenan. Ni nan Saudiyya layina na gida yana cikin waya amma saƙon OTP ba ya shigowa sai ya ga dama. Kuɗin asibitin mahaifiyata a Kano sai na roƙi abokin aiki ya tura na ba shi riyal. Sun ce in zo reshe da kaina. Daga Madina?

Anti Zee: Ni abin da ban gane ba, shekara da shekaru kina sana'a, kowane kwabo ya shigo mijinki ne yake gani kafin ke? Kuma in wayar ta ɓata a hanyar Legas fa? Wanda ya tsinci layin ai ya tsinci asusunki.

Maman Khairat: Anti, don Allah kada a kai maganar can. Bai taɓa taɓa min ko sisi ba, shi ma ya sha cewa in canza. Mu a wajenmu gidaje da yawa waya ɗaya ce ke yi wa kowa aiki, ba ni kaɗai ba ce. Su masu tsara abin ne ba su yi tunanin irinmu ba.

Ɗalibi Mai Neman Sani: Maman Khairat, ki kai katin shagon intanet (kafe), su sun san yadda suke yi. Ki ba su lambar Baban Khairat su kira shi da kansu.

Mai POS Bakin Tasha: Kul! Kada ki soma. Kati da lambar sirri da OTP a hannun mutum ɗaya, me ya rage? Kuma ki gaya wa maigidan naki, tunda kuɗinku sun maƙale, duk wanda ya kira ya ce daga banki yake zai maido su in an karanto masa lamba, ɗan damfara ne. Banki ba ya tambayar OTP ta waya. Ki je ki canza layin nan kawai, na faɗa miki.

Maman Khairat: Na ji, na gode. Amma ɗazu wani ya kira shi ya ce daga banki ne, har ya faɗi adadin kuɗin daidai. Bai ba shi komai ba don yana tuƙi, ya ce ya sake kira da yamma. In ba daga banki yake ba, ta yaya ya san adadin? Malama, na duba shafin ban ga RRR ɗin ba, a wane ɓangare take fitowa?

Ɗan Kwari: Ni ma har yau sunan nawa bai gyaru a wani asusun ba. Akwai wanda ya san ko sai an sake sabuwar takardar rantsuwa?