Gajiyar sankarar jini ta hana ni kasuwa, ina mafita?

Maman Biyu, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina fama da sankarar jini, irin wadda likitoci ke kira CML. Ina ganin likita a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, kullum ina shan ƙwayar imatinib, kuma alhamdulillahi an ce cutar ta lafa. Amma gajiya ta sa ni gaba. In na idar da sallar asuba, kafin ruwan koko ya tafasa jikina ya mutu. Atamfa nake sayarwa a Kejetia, yanzu benen kasuwar ma sai na tsaya a tsakiya na riƙe ƙarfe ina haki. Barci ba ya wartsakar da ni. Abin da ya fi ci mini rai, dangin maigida sun fara cewa son jiki ne, tunda ban rame ba. Wata ta kawo mini maganin ƙarin jini da jiƙon sassaƙe. In sha?

Anti Nas, Asawase:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Don Allah ajiye kwalbar nan da jiƙon tukuna. Maganin ƙarin jini sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe, ne a ciki, yana amfani ne ga wanda ayon ɗinsa ya yi ƙasa. Ke kuwa matsalar daga ɓargo take, inda ake yin jinin, kuma ita kanta ƙwayar tana iya rage jini, tana kawo kasala da ɗaurewar jijiyar ƙafa. Sassaƙe kuma ta hanta yake bi, hanyar da maganinki ke bi, yana iya rage masa ƙarfi ko ya sa ya yi miki yawa.

Ranar asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mana, har maganar benen. Da yawa in an tambaye su sai su ce "da sauƙi", likita ya rubuta da sauƙi. A duba yawan jininki, a duba maleriya, ki tambaya ko za a duba maƙoƙo. Kada ki daina shan ƙwayar ko ki rage da kanki. Ki sha ta da abinci da ruwa kofi cike. In zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko numfashi ya gagara kina zaune, ko jini na fita daga dasashi, ba a jiran ranar da aka ba ki, a tafi a lokacin.

Baban Yara, Sawaba:
Matata ma haka ta yi. Mun ɗauka kwanciya ce magani, ashe yinin kwance ƙara kashe jiki yake. Yanzu bayan la'asar tana takawa a hankali zuwa bakin titi ta dawo, barcin rana kuma ba ya wuce rabin awa. Mun lura ƙarfinta na hantsi ne, sai muka mayar da duk aiki mai nauyi wannan lokacin. Girki a zaune take yi, wanka ma da kujera. Ki gano naki lokacin, Maman Biyu, ki ba kasuwa shi, sauran yinin yarinya ta tsare miki shago.

Malam, Sabon Zongo:
Allah ya sa kaffara ne. Wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Azumi ma an yi wa mara lafiya rangwame, ki ji ta bakin likita kafin watan ya kama.

Hajiya Babba:
'Yata, maganar son jikin nan ce ta tsaya mini. Wanda bai ɗauki kaya ba bai san nauyinsa ba. Kada ki tsaya musu da dangin miji. Ki tafi da maigidan asibiti ya ji da kunnensa, shi zai rufe musu baki. In babban ci ya gagara, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan: ƙosai da koko, dafaffen ƙwai, tuwo da miyar ayoyo da kifi. Kuma duk wadda ta ce "me zan yi miki?" ki ba ta wanki ko cefane, ban da kunya.

Maman Biyu:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Na ajiye jiƙon, maigida kuma ya yarda zai raka ni. Anti Nas, in na tambayi likita ko zan mayar da shan ƙwayar dare bayan tuwo?

Anti Nas:
Tambaye shi, wasu haka suke sha. Ki tafi da kwalbar ma ya gani.