Maigidana ya ɗauko gudun yada ƙanin wani, ta ina zan kama masa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina zaune a Tumfure, nan Gombe. Maigidana shekararsa 41, bara likita ya ce masa ya rage teɓa saboda jininsa ya fara hawa, shi ne ya fara zagaye a filin wasa na Pantami. Wasa-wasa abin ya shiga jikinsa. Yanzu ya yi rajistar gudun famfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu, wai kilomita 42 da ɗoriya. Da an sallame asuba sai ya fice, ranar Asabar kuwa idan ya dawo ko "sannu" da ƙyar yake amsawa, yini yake a kwance. Jiya na ga farcen babban yatsansa ya yi baƙi ƙirin, yana ɓoyewa a safa. Hajiyarsu ta ce min, "Ke kina kallo yana gudu kamar wanda aka biyo?" Ni dai ba na so in kashe masa gwiwa, amma tsoro nake ji. Saura sati tara. Me zan yi?

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ki gode wa Allah, nawa daga kujera sai majalisa. Ki bar shi ya yi.

Malam Sani mai koyar da wasanni: Hajiya, farcen nan takalmi ne ya matse. Ƙafa tana kumbura idan aka daɗe ana gudu, yatsa ya yi ta dukan gaban takalmin har jini ya taru a ƙarƙashi. Ya sayi wanda zai bar sararin kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, kuma yanzu zai saya ya saba da shi. Kada ya kuskura ya sa sabo fil ranar gasa. Sannan tunda akwai maganar hawan jini, ya koma wurin likitansa ya faɗa masa ainihin nisan, ba "ina ɗan motsa jiki" ba. Dogon gudunsa na Asabar ya tsaya a kilomita 30 zuwa 32, sati uku kafin ranar ya fara ragewa. Nan ne za ki sha fama, don sai ya ga kamar ragwanci yake yi, ya so ƙarawa. Ki hana shi.

Anti Bilki: Ni maganar Hajiya ce ta fi damuna. Kada ki zama ke ce lauyansa a wurin uwarsa, za a ce ke kike zuga shi. Shi ya je da bakinsa ya nuna mata awon jininsa na da da na yanzu. Uwa lafiyar ɗanta take so.

Abban Khadija: Na yi na Legas ɗin sau ɗaya, bari in faɗa miki abin da ya kusa kayar da ni. Mu nan a hunturu muke atisaye, iska busasshiya, zufa na fita tana bushewa. Can kuwa iskar teku ce mai danshi, kafin ka sauka daga gadar Third Mainland rigarka ta jiƙe sharkaf, kuma gadar nan ta haura kilomita 11, babu inuwa ko ta sisi. Wajen kilomita 30 ƙafafuna suka ce sun gaji da ni, ashe abincin da jiki ya tara ne ya ƙare. Dabino biyar da matata ta ƙulle min a leda su suka kai ni Eko Atlantic, inda aka ƙare gudun. Don haka tun yanzu ki riƙa ba shi dabino ko ayaba ya gwada ci yana gudu, cikinsa ya saba. Ki sa masa basilin a jaka, ya shafa a cinya da hammata da kan nono, in ba haka ba wanka zai gagare shi. Daren gasa tuwon shinkafa ko taliya, ban da yaji, ban da abincin da bai saba ba. Ya isa Legas ana saura kwana biyu gasar, doguwar mota tana sandarar da ƙafa.

Ummu Sudais: To ita fa? Kowa shi yake ta lallaɓawa. Ki zaunar da shi ku yi magana: Asabar tasa ce, mun ji, amma Lahadi ya kai yara gidan Hajiya, ya yi cefane. Kuma kuɗin takalmi da na mota kada su taɓa na abinci.

Malam Sani: Na manta. Idan ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe, tsayawa zai yi nan take, ko saura taku goma.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta masa duka, ya yarda zai ga likita ranar Litinin. Maganar Lahadi ce dai ya yi kamar bai ji ba. Abban Khadija, wai dabinon busasshe ne ko mai taushi? Na ce masa da kaina zan cire ƙwallayen.