Yaron da unguwa ta riga ta kira ɗan ƙauraye, in ɗauke shi koyon sana'a?

Mai Walda, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina da shagon walda a nan cikin Katsina. Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ta roƙe ni in ɗauki ɗanta ya koyi aiki. Yaron bai wuce sha bakwai ba. Bara 'yan sintiri suka kama shi cikin ƙauraye, wato 'yan daba, a wajen wani biki, ya kwana wurin 'yan sanda, aka sake shi don ba a same shi da makami ba. Tun daga ranar, ko wayar wa ta ɓace a layinmu, shi ake nunawa da baki. Abokan sana'a sun ce in na ɗauke shi, in yi bankwana da kayan aikina. Ni kuma in na ga uwar, sai tausayi ya kama ni. Me kuke gani?

Malamin Makaranta, Rafin Daɗi:
Wa alaikumus salam. Maigida, abin nan da ake yi wa yaron masana zamantakewa sun daɗe suna nazarinsa. Howard Becker na Amurka ya yi bayani a 1963 cewa idan jama'a suka liƙa wa mutum sunan mai laifi, ƙofofi suna rufe masa, har ya koma ga waɗanda ba sa ƙyamarsa, wato ƙaurayen nan. Shi kuwa Travis Hirschi, a 1969, ya juya tambayar: me ke hana yawancinmu aikata laifi? Ya ce shaƙuwa da mutanen da kake jin nauyinsu, da aikin da ke cinye maka lokaci, da abin da kake tsoron rasawa, da yarda da ƙa'ida. Yaron nan ba uba, ba makaranta, ba sana'a. Shagonka zai ba shi wanda zai ji kunya, ya kuma ba shi abin da zai yi asara in ya kauce. Ni dai na ce ka ɗauke shi.

Ɗan Kasuwa, Sabuwar Unguwa:
Malam, da wuƙa aka karɓe min waya bayan isha'i, kuma yara ne sa'anninsa. Ban ce a yar da shi ba, amma a duba da wa yake zama da dare, kuma yana shaye-shaye ko ba ya yi. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, ga shi har yau ƙwaya ba ta bar hannun matasa ba. In yana sha, walda kaɗai ba za ta riƙe shi ba.

Hajiya, Daura:
Ɗana, Allah ya saka maka da alheri. Muna yara, babba ko wane ne in ya ga ka yi ba daidai ba zai kwaɓe ka, iyayenka su yi masa godiya. Yanzu kowa ya kama bakinsa, sai a jira Hisba ko 'yan sanda. Kada ka ɗauki nauyin nan kai kaɗai. Ku je gaban mai unguwa, kai da uwar da wani kawunsa, a faɗa wa yaron sharuɗɗa yana ji. Makullin shago kuwa ka bari sai ka ga kamun ludayinsa, kuma ka hana sauran yaranka kiransa da wannan sunan.