Tsohuwar XP ta ƙi ganin sabuwar saba, ina mafita?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masana netwok a taimaka min. Shagon buga bana da sitika gare mu, satin jiya muka haɗa saba, wato kwamfutar da za ta riƙe fayilolinmu duka, mai Ubuntu da Samba, manhajar raba folda a netwok, don mu daina yawo da filash. Laftof biyu masu Windows 11 suna shiga, Mac ɗin yaron da ke mana zane ma yana shiga, amma tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa injin yanka sitika, mai Windows XP, ta ƙi sam. In na yi ping, wato gwajin ko suna jin juna a netwok, sabar tana amsawa lafiya lau, da na nemi buɗe folda sai ta ce wai ba ta samu hanya ba. Kuma ba halin canza ta, manhajar injin a XP kawai take tashi.

Injiniya_Zariya:
Wa alaikumus salam. Tunda ping na tafiya to waya da IP ba su da laifi, yare ne ya bambanta. A yaren raba fayil da ake kira SMB, XP ba ta jin komai sai SMB1, SMB2 sai a Vista ya fara, ita kuma Samba tun daga 4.11 a 2019 a rufe SMB1 yake zuwa. Buɗe smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, ƙarƙashin global ka sa server min protocol = NT1 don SMB1 ya buɗe, ka sake tada Samba. In ta kai ga tambayar fasiwod amma tana ƙin karɓa, wannan kuma NTLM ne, hanyar tantance fasiwod ta Windows, ka shiga rajistirin XP ɗin ka mai da LmCompatibilityLevel zuwa 3. Kuma ka kira sabar da lambar IP ɗinta, kar ka zauna jiran sunanta ya fito da kansa.

Maman Ilham:
Injiniya zai yi aiki kam, amma wallahi ban so ka ba shi wannan ba tare da gargaɗi ba. Ta SMB1 ɗin nan bairos ɗin kwamfuta mai suna WannaCry ya bi a watan Mayun 2017 har asibitocin Ingila suka tsaya, ita ma Microsoft ta daina sa SMB1 ɗin a sabbin Windows, ga XP tun Afrilun 2014 aka daina kula da ita. Ɗan'uwa in ka buɗe shi a sabar da duk ayyukan kwastomominka ke ciki kuma kowa ya zo ana ba shi wayfai ɗin shago, ranar da abu ya shigo ba XP kaɗai zai ci ba. Ni da ni ce, katin netwok na biyu zan sa wa sabar, in ja waya ɗaya daga shi zuwa XP, lambobinsu daban, babu getwe, wato ƙofar fita intanet, kar ta ga intanet ko da wasa. Fayil ɗin kuma ta ɗauka da WinSCP, manhajar kwafar fayil daga saba, tsohon bugu mai hawa XP, ba sai an taɓa Samba ba ma.

Injiniya_Zariya:
Gaskiyarki Hajiya, na yi gaggawa. Taki ta fi, sai dai in manhajar injin sai daga folda kai tsaye take karantawa.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. A'a ba dole ba ne, muna iya sauke fayil a kan XP ɗin mu buɗe. Na samo kati na USB na ja wayar, yanzu haka sitika na fita. Hajiya saura abu ɗaya, filash ɗin da kwastomomi ke kawowa fa, in hana a soka mata gaba ɗaya?