Hilux ta rasa ƙarfi bayan na ratsa ruwa da ita

Salam, 'yan uwa masana injin dizal. Hilux ce mai injin 2KD. Kwana 5 da suka wuce na ratsa ambaliya da ita a hanyar Auyo, ruwan ya kusa taɓa bonet. Ba ta mutu a ciki ba, amma tun daga ranar ko na take totur har ƙasa ba ta wuce gudun kilomita 60 a awa, ga farin hayaƙi a salansa, kuma tana karkarwa a silo.

Iyakilina (matatar iskar inji) na tarar a jiƙe sharkaf, na canza. Na tsiyaye filtar mai, ruwan da ya fito bai cika murfin gora ba. Baƙin mai bai yi kalar madara ba, duk da haka na juye. Bakanike ya wanke nozul 4, kuɗi sun tafi, ba abin da ya sauya. Kwamfuta ma ba ta nuna komai ba.

Yanzu ya ce konrod (ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf) ne ya lanƙwashe, a sauke inji, alhali bai auna komai ba.

Gwajin kamfireshan (auna matsin iska a cikin silinda) kaɗai zai iya tabbatar da lanƙwasar konrod kafin a buɗe injin? Na gode.